Rasuwar Mai-Baki-Uku a Ƙarƙashin Mayafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Jatau Cindo, mai gyaran rediyo a Samaru, nake sanar da 'yan'uwa rasuwar amfilifayata, na'urar ƙara sauti, wadda jama'ar cocinmu na Sabon Gari suka sani da Mai-Baki-Uku. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Lahadin da ta wuce, a tsakiyar waƙa ta biyu, tana da wata bakwai a duniya.

An haife ta a kan tabarmar ɗakina a farkon 1957. Wata huɗu na yi ina haɗa ta. Kwalaben wutarta shida na ciro su daga matattun rediyo a shagon Babatunde, taransifomarta kuwa da hannuna na naɗa wayar, na warware sau biyu. Dalma ta ƙona ni a yatsu uku, ban yi ƙorafi ba. Na yi mata baki uku, kowanne da abin murɗa ƙararsa: lasifika ɗaya ga maza, ɗaya ga mata, ɗaya a jikin mangwaro don waɗanda suka makara suke kunyar shiga.

Marigayiya ba ta da son kai. Abin da ta gaya wa maza shi take gaya wa mata. In an kunna ta sai ta ce "hmmm" kamar dattijo mai gyaran murya, sannan ta buɗe baki. Aibinta ɗaya, zafin jiki, shi ya sa na huda mata ramuka a ka don ta sha iska.

Yanzu na zo kan jinya, kuma a nan gabana yake faɗuwa. Kowa ya san Mama Doguwa, shugabar zumuntar mata, mahaifiyar Martina wadda nake nema da aure. A gidanta ko kwanon ruwa ba ya zama a buɗe. Ranar da ta ga marigayiya a kan tebur ta ce, "Jatau, ɗana, abin da ke ɗauke da maganar Allah shi ne a tsirara kamar kaskon kaji?" Bayan mako biyu ta kawo mayafi mai kauri, ninki biyu, da aikin zare da geza. Na durƙusa na ce, "Na gode, Mama, Allah ya saka da alheri." Wa ya isa ya ce wa surukarsa ta kwashe kyautarta?

Kowace Lahadi nakan ɗaga bayan mayafin a ɓoye. A ta ƙarshe Mama ta gani. Ta taso da kanta, ta ja shi, ta cusa gefe huɗu, ta zauna kusa tana gadi. Ina ji marigayiya ta fara "kirr, kirr", ina gumi, amma ban ɗaga mayafin ba. Sai ta ce "fuu", hayaƙi ya tashi, wuta ta kama geza, taku biyu daga inda wata mata mai suna Edith take zaune da goyo a baya. Na fizge waya, na kashe wutar da hulata. Jama'a suka ce aikin Shaiɗan ne, aka yi addu'a, ni ma na ce amin.

Dattawa sun ce in haɗa wata, Mama kuwa ta riga ta yanka bargo don sabon mayafi, wai na farko bai yi kaurin da zai tsare Shaiɗan ba. Ina tsoron Mama Doguwa, Allah ya sani. Amma na fi tsoron abin da na gani kusa da goyon nan. Saboda haka na rubuta da hannuna: ba Shaiɗan ba ne. Mayafi ne ya toshe mata numfashi, ni kuma na sani na yi shiru. Mama, ki gafarce ni.

Marigayiya ta bar lasifika uku, da makirufo ɗaya wanda har yanzu Fasto yake hura wa iska bisa sabo, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan shagona, bakin hanyar Shika. Ana roƙon kada kowa ya kawo likkafani. Za a karanta wannan sanarwa a taron zumuntar mata ranar Alhamis, ni ba zan kasance a gari ba. Idan Martina ta zo jana'iza, a binne marigayiya ita kaɗai. Idan ba ta zo ba, masu haƙa su ƙara faɗin ramin.