Lahadin Da Na Kai Ikilisiya Duniyar Wata

Abubuwa da yawa sun ɓace mini da tsufa, amma wata Lahadi a shekarar 1971 ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so. Lokacin ina sabon malamin firamare a wani ƙauye kusa da Gidan Waya. Ga ƙuruciya, ga rawar kai, ga kuma babban ciwona: gani nake na fi kowa sani.

Ba abin da ya ɗauke mini hankali a wancan zamanin kamar tafiyar Amurkawa duniyar wata. Duk Asabar sai in hau keke zuwa Kafanchan, in bi tashar jirgin ƙasa ina neman tsofaffin jaridu, in yanke hotunan kumbo in manna a bango. Sunan kumbon, Afolo, ba ya barin bakina. Ko gaisuwa ka tsaya yi da ni, sai ka ji nisan wata.

A lokacin kuma ina neman Rifkatu, wadda take aiki a ɗakin shan magani na ƙauyen. Ita ta yarda da ni. Matsalar mahaifinta ce, Baba Yakubu, dattijon ikilisiya, wanda aka tsegunta mini ya ce, "Ticha ɗin nan baki ne kawai." Maganar ta yi mini zafi, na kuma ƙudura sai na nuna masa ilimina yana da amfani.

Na yi mako uku a Zariya wajen kwas. Ranar da na dawo, tun ban sauke jaka ba, Fasto ya tare ni a hanya.

"Ticha, gobe bayan sujada ka yi wa jama'a bayani a kan wannan Afolo. Ya dame mu sosai."

(Ya dame mu fa ya ce. Ni kuwa na ɗauka ƙishirwar ilimi ce ta kama ƙauye gaba ɗaya.) Ban tambaye shi komai ba. Na wuce ina cewa a raina, Allah ya kawo ranata.

Washegari na isa majami'a da ƙwarya, da lemo, da tocila. Na lura mutane da yawa sun sunkuyar da kai, na ce ladabi ne. Baba Yakubu yana bencin gaba da baƙin tabarau, na ce tsoho ya shigo gayu.

Na fara. Ƙwarya ita ce duniya, lemo shi ne wata, tocila kuma rana. Na bayyana cewa wata ba shi da hasken kansa, aro yake yi wajen rana. Na ce tafiyar kwana uku ce, babu iska, babu ruwa, sai duwatsu da ƙura, har an ɗebo wasu an kawo. Da na ɗaga kai sai na ga mata suna share hawaye da bakin zane. Har maza. Na rantse muku, daɗi ya kusa kashe ni. Ban taɓa sanin kimiyya tana sa mutane kuka ba.

Nan kaina ya ƙara kumbura. Na ce a can mutum ba shi da nauyi sosai, tafiya ma tsalle-tsalle ake yi. Sai na gwada musu. Ni, da wandon Lahadi da lakataya, na yi ta tsalle daga wannan bango zuwa wancan a gaban bagadi kamar kwaɗo.

A tsalle na huɗu ne Baba Yakubu ya miƙe. Ya cire tabarau a hankali. Idanunsa jajir, sun kumbura, suna ta ruwa.

"Ticha, mun gode da wata," ya ce. "Amma wannan Afolo da ya kama ni, ya kama mata na, ya kama yara, maganin shi a can sama ne za mu je mu karɓo?"

Sai a lokacin na dubi fuskokin mutane da kyau. Ashe ina Zariya ciwon ido ya shigo ƙauye, mai jan ido da ƙaiƙayi, wanda aka laƙaba wa sunan kumbon don a zamaninsa ya ɓullo. Rabin ikilisiya shi suke fama da shi. Hawayen da nake taƙama da su, ko ɗigo ɗaya ba nawa ba ne.

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ai Ticha ya faɗa, ƙuran da suka kwaso ne ya shiga mana ido." Dariya ta ɓarke har Fasto ya riƙe ciki. Ina tsaye da lemo a hannu, na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Rifkatu ce ta cece ni. Ta tashi, ko kallona ba ta yi ba, ta ce a riƙa wanke hannu da sabulu, kada a haɗa tawul, kada a ɗiga ruwan sukari a ido, wanda abin ya tsananta ya zo wurinsu. Minti biyu ta gama abin da na yi rabin awa ban ko kusance shi ba.

Mako guda ina zagaye ta bayan gonaki don kada in haɗu da Baba Yakubu. Na riga na cire rai da auren. Sai ga shi ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa, ina jiran sallama.

"Yarinyan ya ce kai yake so," ya ce. "Na yi tunani, zan ba ka. Gidan ka yana bukatan mutum ɗaya wanda ƙafan shi yana ƙasa."

Na karɓa da godiya. Tun daga ranar, duk wanda ya ce in yi bayani a kan wani abu, ko na haddace shi, sai na fara tambaya, "Wanne daga ciki?"