Ragon da Na Ciyo a Darar Kebbe

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da aka kawo mini rago har ƙofar gida, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke cikin kaina. Abin ya faru ne a Tambuwal, 'yan shekaru kafin Nasara su shigo ƙasar Sakkwato, lokacin ina maɗinkin riguna mai ji da kansa. Ni mutum ne mai auna abu kafin ya yi. Ban taɓa sa almakashi a ƙyalle ban gwada ba, kuma na ɗauka haka ake yi wa sauran al'amuran duniya.

Ƙanena Sahabi shi ne damuwata. Ni na koya masa dara. Ni na tona masa ramuka a ƙasa da yatsana, na ba shi kara na riƙe tsakuwa, na nuna masa cewa in ka jera 'ya'yanka uku a layi sai ka ɗauke ɗan abokin wasanka guda. Kafin gemunsa ya fito ya daina barina in ci ko wasa ɗaya. Kafin ya yi aure dara ta zama sana'arsa. A wancan zamani, da an gama girbi, gwanaye sai su riƙa bin kasuwanni suna karawa, attajirai suna yi musu kyauta. Sahabi yakan tafi Jabo da safe ya dawo da abin da nake kwashe wata guda ina tsiyayar da idona a kan allura kafin in samu. A kasuwa sunana ya ɓace, na koma "wan Sahabi". (Ba wanda ya taɓa kiransa ƙanen maɗinki. Na saurara sosai, ban ji ba.)

A gida ma haka. Ni ne ɗan fari, don haka bisa al'ada Innarmu ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ko ido ba ta haɗawa da ni. In tana son a ba ni tuwo sai ta ce, "A kai ma wancan." Sahabi kuwa auta ne, sunansa ba ya barin bakinta daga asuba zuwa dare. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani. Amma sanin dalilin abu bai hana shi ciwo.

Abu ɗaya nake kallo in ji sanyi. Mai ɗakina tana da cikin fari, Inna kuma tana kiwon wani farin rago a turken da ke bakin ɗakinta, tana ba shi dussa da harawa kamar ɗan sarki. Ba ta taɓa cewa na sunan jikanta ne ba, don ba za ta iya faɗa ba, amma gidan duka an san da zancen. Ragon nan shi ne kaɗai shaidata cewa ana tunawa da ni.

A kakar shekarar aka shirya babbar dara a Kebbe. Gwanayen Jabo da Fakku da Tambuwal duk za su je, a yi ta karawa ana fitar da wanda aka ci, har a bar mutum biyu. Kowa ya san su wa za su rage: Sahabi, da wani tsoho mutumin Kebbe mai suna Arzika.

Malamanmu sun hana caca, kuma ba da wasa suka hana ba. Saboda haka ba wanda yake caca a Tambuwal. Abin da ake yi shi ne, mutum ya je wurin dillali a ɓoye ya ce, "Na tsaya wa wane," ya ajiye kayansa. Dillali ya nemo wanda ya tsaya wa ɗaya gwanin da kaya mai daraja daidai, ya haɗa su ba tare da sun san juna ba. Garin duka Sahabi aka tsaya wa, har dillalai suka rasa wanda za su haɗa mutane da shi.

Ni kuwa na zauna na auna. Na san Sahabi ba ya jure jira. In abokin wasa ya daɗe yana tunani, sai ƙafarsa ta fara rawa, ya matsa ɗan da bai kamata ba. Arzika kuma an ce yakan cinye goro guda kafin ya taɓa tsakuwa ɗaya. Wannan sani da na ba ƙanena ya kamata in yi. Sai na naɗe shi tare da rigar da na ɗinka wa kaina don ranar suna, mai aska biyu, na nufi gidan Nomau dillali.

"Arzika na tsaya ma," na ce da shi.

Nomau ya buɗe rigar, ya dube ta, ya dube ni. "Arzikan Kebbe? Ba Sahabin gidanku ba?"

"Dara nika magana, ba zumunci ba."

"To, madalla. Akwai wani da ya sa rago kan Sahabi, tun jiya nika neman wanda za shi tare shi."

Nan na nuna ƙwarewata. Na tambayi haƙoran ragon, na tambayi ƙibarsa, na tambaya ko yana tari. Nomau ya ce fari ne ƙal, kunnen hagu baƙi, ƙaho ɗaya ya ɗan karkace. Na ce a raina, ikon Allah, kamar an tsaga kara da na Inna, ranar suna sai a ga biyu iri ɗaya. (Ka ji mai aunawa.) Abu ɗaya ne ban tambaya ba, don ba a tambaya. Na lura Nomau yana ta cizon leɓe, na ɗauka haƙori ke damunsa.

Ranar tafiya ni na ɗauki tabarmar Sahabi da gorarsa, don an ce kada gwani ya gaji. Da zan fita na tsaya wurin turke na shafa kan ragon Inna, na raɗa masa cewa ya kusa samun aboki.

A Kebbe komai ya tafi yadda na auna. A gindin wata tsamiya bayan kasuwa aka yi, mutane sun yi da'ira, ba mai tari. Aka fitar da kowa, aka bar su biyu. Arzika ya ɓare goro. Ya tauna, ya dubi ramuka, ya dubi sama, ya sake taunawa. Ƙafar Sahabi ta fara rawa. Da rana ta karkata ya matsa karan da ke tare wa tsohon hanya, Arzika ya jera uku, ya buɗe, ya sake jerawa, ya yi ta ɗauke masa 'ya'ya har ba sauran abin jerawa. Mutanen Tambuwal suka sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da kai, amma don kada a ga bakina ne.

Hanyar dawowa ita ce aiki mafi wuya da na taɓa yi. Kowa jikinsa ya mutu, ni ƙafata rawa take so. Na yi ta ba Sahabi haƙuri da murya mai taushi. Har ya ce mini, "Yaya, kai kaɗai ne ba ka ga laifina ba." Na ce ai ɗan'uwa ba don ranar daɗi kawai aka yi shi ba. Ni na faɗi haka, da bakina.

Mun iso gida, da la'asar zaurenmu ya cika da masu jaje: baffanninmu, maƙwabta, har da limamin unguwa (shi ya ce gaisuwar dawowa daga tafiya ya zo, bai san da wata dara ba). Ina tsakiyarsu ina raba goro, sai muka ji sallama. Nomau ne, da mutum biyu a bayansa, da igiya a hannu.

A nan lissafina ya bar rami. Riga ko hula ana iya miƙa ta a ɓoye. Dabba kuwa ba ta sauya hannu sai da rana, gaban shaidu, in ba haka ba gobe a kai ka gaban alƙali a ce sata ce. Na san wannan tun ina yaro. Ban dai tuna ba.

"Ina wan Sahabi?" in ji Nomau. "Ga rigarka ta dawo. Ga kuma ragon da ka ci, da ka tsaya ma Arzika. Shaidu, kun gani. Kama igiya."

Baffa Jelani, wanda goro ke hanyar bakinsa, ya mayar da shi aljihu. Na ce, "Wane Arzika?" Ban san abin da nake fatan wannan tambaya za ta yi mini ba.

Nomau ya cusa mini igiyar a hannu. A lokacin na dubi ragon da kyau. Fari ƙal, kunnen hagu baƙi, ƙaho ɗaya a karkace. Shi ma ya dube ni, ya gane ni, sannan ya ji ƙanshin dussarsa. Ya fizge ni ta tsakiyar zaure, ya tsallake ƙafafun liman, ya ja ni cikin gida ina tuntuɓe, bai tsaya ba sai bakin turkensa. Ashe bayan tafiyarmu Kebbe Nomau ya zo ya ɗauke shi. Inna ce ta sa ragon kan Sahabi, ta hannun wata tsohuwa mai sayar da fura.

Tana zaune tana kaɗi. Ta ji duk abin da aka faɗa a zaure, don katangarmu ta zana ce. Ba ta dube ni ba. Ta ajiye mazari ta dubi ragon.

"Ka dawo?" ta ce masa. "Kai dai ka fi wasu sanin gidansu."

Kunya ta sa ni abin da ban taɓa yi ba, na mayar mata da magana. Na ce, "Inna, ragon sunan ɗana kika sa kan Sahabi."

Ta shafa wuyan ragon, da shi take magana. "Gaya mishi, ni ɗana na tsaya ma. Shi wa ya tsaya ma?" Ta gyara igiyar a turke. "Ka kuma gaya mishi, da shi ne ke bugawa, saniya zan sa."

(Inna ba ta taɓa mallakar saniya ba. Amma na riƙe maganar, har yau ina riƙe da ita.)

Na juya, sai ga Sahabi tsaye a bakin zaure. Na jira zagi, na ma fi son zagin. Sai ya ce, "Yaya, ashe ka san inda zan faɗi."

Na ce na sani.

"Tun kafin mu tashi?"

Na ce tun kafin.

Ya girgiza kai. "Garin ga duka, kai kaɗai ka san dara. Da ka gaya mini bisa hanya, da yanzu zaurenmu ba ya ɗaukar kaya." Shekara da shekaru ina jiran wani ya faɗi rabin farko na wannan magana. Ta zo mini ina riƙe da igiyar rago, hulata a ƙasa cikin dussa.

Aka haihu, namiji. Kafin suna Baffa Jelani ya tambayi liman ko ana yanka ragon caca ranar suna. Liman ya ce caca ba ta mallaka wa kowa komai, don haka ragon bai taɓa barin hannun mai shi ba, na Inna ne kamar yadda yake tun farko. Wato ban ci komai ba. Sai dai bai faɗi wannan a ɓoye ba. Ranar suna ya faɗa, gaban jama'a, ya ɗora wa'azi a kai, yana cewa "wani mutum" yana kallon rigata mai aska biyu. Nomau ya karɓi fatar ragon a matsayin la'adarsa. Yaron an raɗa masa suna mai kyau, amma yau yana da jikoki, kuma Tambuwal ba ta san shi da wani suna ba sai Na-Arzika.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Hassada ban rabu da ita a ranar ba, ta dai koyi zama shiru, kuma tun daga nan in Sahabi zai kara da mai jinkiri, ni nake zama kusa da shi in danne masa ƙafa. Caca kuwa ban sake ba. Amma in har wani ya ƙi jin malamai ya je wurin dillali, aka kwatanta masa rago ya ji kamar ya san shi, shawarata ita ce ya koma gida ya tambayi uwarsa tukuna. In shi ɗan fari ne, ya tambayi ragon.