Alhaji Jibrilla Yana Jera wa Kwamfuta Kayan Cikinta

Duk wanda ya zauna a Gombe shekarun da aka yanke ta daga Bauci ta zama jiha, in bai san Alhaji Jibrilla Bobbo ba, to zaman banza ya yi. Shi ne Daraktan Sashen Tattara Bayanai da Killace Su, ofis mai ɗaki huɗu da fanka biyu. Allah ya ba shi ilmin zamani har ya yi masa yawa. Kwas na kwana uku ya je Kaduna a kan kwamfuta. Ranar farko aka yi bikin buɗewa, ranar ƙarshe aka yi na rufewa, ya dawo da satifiket mai faɗin sallaya. Maƙwabtansa a unguwar Federal Low-Cost suna kiransa Baban Kwamfuta. Ma'aikatansa kuwa, in ya ba da baya, Danna-Nan suke ce masa, don bai taɓa danna komai da yatsansa ba. Tsayawa yake yi a bayan mai aiki, ya goya hannu, yana ba da umarni.

Kwamfuta ɗaya ce tak a ofishin, kuma a kan teburinsa take, an lulluɓe ta da leshi. Mai aiki da ita Selina ce, mai buga takardu, mutuniyar Kaltungo. Ranar da aka kawo na'urar, alfarma ɗaya Alhaji ya nema wajen wanda ya haɗa ta. Ya ji cewa in an bar kwamfuta ba a taɓa ba, takan rufe fuskarta da rubutu mai yawo. Sai ya sa aka rubuta da jan baƙi: ALHAJI JIBRILLA BOBBO, DARAKTA, MASANIN KWAMFUTA. Ya ce a saita shi ya riƙa fitowa duk bayan minti biyu, saboda baƙi.

Wata Litinin sai ga takarda daga hedkwata. Sabuwar jiha tana so ta san ma'aikatanta. Kowane ofis ya kai jerin sunayen mutanensa kafin sha biyun ranar Juma'a, kuma duk wanda babu sunansa, babu shi a aikin gwamnati. Abin bai tayar wa Selina hankali ba. Sunayen mutum arba'in da biyu suna cikin kwamfuta tun tuni, fitar da su a takarda kawai ya rage. Sai dai na'urar ta yi nauyi kwanakin nan. In ka ce ta buɗe abu, kana iya shan koko ka wanke kofin kafin ta amsa.

Nan fa ranar Alhaji ta zo. Kalma ɗaya ya tsira da ita daga Kaduna, shekara guda yana neman inda zai kashe ta. Ya sa aka tara ma'aikata kaf, har da Rabe direba, ya gyara zaman hula.

"Ku matso ku ga abin da kakanninku ba su gani ba. Cikin na'urar nan kamar kanti ne. Kullum ana ajiyewa ana ɗauka, har sukari ya koma wajen kananzir, sabulu rabi nan rabi can. In ka tambaye ta abu sai ta yi ta lalube. Maganin wannan shi ake kira difirag, wato a sake jera mata kayan cikinta. A duk Arewa maso Gabas mu uku ne muka san shi. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma Legas. Ba za a fitar da sunan kowa daga cikin hargitsi ba. Selina, danna nan."

Abin haushin, bayanin nasa daidai ne. Selina ta danna. Allon ya cika da ƙananan gidaje shuɗaye da farare, suna tashi daga nan suna sauka can, a ƙasa kuma lamba tana hawa: kashi ɗaya cikin ɗari, uku, bakwai, goma. Minti biyu na cika, allon ya yi baƙi, sunan Alhaji ya keto daga dama yana tafiya a hankali kamar mai shiga ɗaurin aure. Ma'aikata suka ɗauka an gama, suka sa tafi. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Ta san mai ita."

Da Selina ta motsa linzamin kwamfutar don ta dawo da allon, sai ga lambar ta koma sifiri.

Shi wannan aikin jerin, a kwamfutocin wancan lokaci, ba ya son a motsa komai yana tsakiyar aiki. Da wani abu ya gitta, sai ya watsar ya faro daga farko. Abin da ke gittawa kuwa duk minti biyu, kowa yana kallonsa da jan baƙi.

Amma masani ba ya rasa bayani. Ran Talata ya gano cewa iskar fanka ce ke watsa gidajen, aka kashe fanka. Da rana ya gano takun takalmi ne, kowa ya riƙa tuɓewa a bakin ƙofa. Rabe ya yi atishawa daidai kashi tara, aka hana shi shiga ɗakin har abin da hali ya yi. Duk da haka Alhaji bai hana jama'a amfana da ilminsa ba. Ya aika unguwar Arawa aka ɗauko masa abokansa biyu, dillalan hatsi, suka zauna cikin zafi suna gumi suna kallon gidaje na tsalle. Duk sanda sunan ya keto sai su ce, "Masha Allah." Da za su tafi ɗayansu ya tambaya ko ana kama tashar Kaduna da ita.

Ran Laraba tsoro ya kama Selina sosai. 'Ya'ya uku gare ta da tsohuwa a gida, kuma aikin nan shi ne kaɗai abin da ta riƙe. Ta taɓa aiki a shagon buga takardu a Jos, ta san ciwon ta san maganinsa. Ta jira ɗakin ya rage mutane, ta rusuna.

"Yallaɓai, rubutun nan ne ke katse ta. In an cire sunanka na awa ɗaya kawai, za ta gama."

Alhaji ya cire tabarau, ya dube ta kamar ta zagi mahaifinsa.

"A cire me? Selina, shekara nawa kika yi a Kaduna? Sunan nan shi ke riƙe da sistem ɗin gaba ɗaya. Na san masu turo ki. Tun muna Bauci suke so su ga an goge sunana, Allah bai ba su sa'a ba, sai yanzu ta hannun taifis? Yau a cire na awa ɗaya, gobe a ce ai an saba. Matsalar ma ita ce sunan bai cika ba. Danna nan, ki ƙara 'Na Farko a Jiha'."

Ta ƙara.

Ran Alhamis ma'aikata suka yi cirko-cirko a baranda, ba mai iya cin ko gyaɗa. Selina ta sake komawa, ta roƙa a dakatar da jerin na minti goma ta fitar da sunayen. Alhaji ya ce bai taɓa jin inda aka tsayar da likita yana tsakiyar tiyata ba. Amma da yake shugaba ne mai tausayin na ƙasa, ya kawo mafita. A kakkaɓe tsohuwar tafireta, a kwafo sunayen daga littafin sa hannu na safe.

Wannan littafi kowa ya san shi. Kowane ma'aikaci yana rubuta sunansa a ciki in ya iso, ƙarfe takwas kuma Alhaji da kansa yake jan layi da jan biro a ƙarƙashin na ƙarshe, don a san makararru. Shi dai bai taɓa rubuta nasa ba. A ganinsa wannan aikin ƙananan ma'aikata ne.

"Amma Yallaɓai, littafin nan babu..."

"Babu amma! Abin da ke ciki shi za ki buga. Kika ƙara ɗigo ko kika rage, ki nemi wani aikin. Na gaji da shawararki."

Ta buga abin da ke ciki, mutum arba'in da ɗaya. Safiyar Juma'a ta kawo masa. A ƙasan takardar akwai layin da hedkwata ta ce a rubuta, cewa shugaban ofis ya tabbatar waɗannan su ne ma'aikatansa duka, babu saura. Lokacin kwamfuta tana kashi tara, idon Alhaji yana kan allon. Ya laluba ya zana sa hannunsa mai kama da ƙugiya, ya buga hatimi, ya miƙa wa Rabe ba tare da ya duba ba.

Bayan mako uku sakamako ya fito. An tabbatar da mutum arba'in da ɗaya, an kuma lura cewa sashen ba shi da darakta, don haka an turo wata Hajiya Kadijatu ta riƙe shi. Ranar da Hajiyar ta kama aiki Selina ta goge rubutun, na'urar ta gama jerinta kafin azahar, aka kunna fanka.

Alhaji kuwa ya saɓa babbar riga, ya rungumi satifiket ɗinsa da firam ɗinsa, ya nufi hedkwata. Ya yi wa akawun tantancewa jawabi na rabin awa a kan maƙiya, da Kaduna, da makomar teknoloji a Arewa. Ya ce sai an nemo wanda ya cire sunansa an kore shi a yau ɗin nan. Akawun, wani dattijo mai haƙuri, ya lashi yatsa ya buɗe fayil, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Sannan ya juyo da takardar, ya ɗora yatsa a kan hatimin.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka sa hannu cewa babu kai."