Shafi Tamanin da Huɗu Kafin La'asar

"…Lahiya lau, sai dai ganinki da rana tsaka ba alheri ba ne. Halan hatsin Kurfi ya ƙare?"

Rabo ke nan, mai shagon kwamfuta a Dutsin-Ma, yake tarbar taubashiyarsa Sakinatu da ta taso daga Kurfi. Ita ɗiyar gwaggonsa ce, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa cikin mutunci ba. Yau kam ko murmushi ta kasa. Shekara shida tana yawo da takardun digiri kafin wata ƙungiya ta ɗauke ta gwaji, ta shirya wa mata darasin noman rani da za su bi ta waya. An ce ta tura darasin yau kafin la'asar. In ya yi, aiki ya tabbata. In bai yi ba, akwai masu jira.

"Bawan gidanmu, karɓi jakar nan ka bar surutu," in ji ta.

"Wa ne bawan? Ni ɗan namiji ne, ke kuwa da buhun gero aka musanyo ki."

"Da wannan kan naka kamar tulun da ya sha ƙasa? Duba mani. Linki ne ya ɓace."

Ta buɗe kwamfutarta ta yi masa bayani. Kowane shafi akwai linki, wato ɗan rubutun da mace za ta danna ya kai ta bidiyo. A cikin manhajar da take haɗa darasin ga shi nan fari tas. Da ta fitar da darasin ta buɗe a waya, sai wayam.

"Tun yaushe kika gwada a waya?"

"Yau da safe."

"Wata biyu kina aiki, sai yau? Kai, Gwaggo ta yi asarar kuɗin makaranta. Da akuya ta saya, da yanzu an yi garke."

"Kai da aka saya wa littafi ka kai wa mai ƙosai ta yi ƙunshi?"

Ya karɓi wayar yana shafa allon, yana kai ta kusa da hanci. Can sai ya fashe da dariya har yana dukan tebur. Ran Sakinatu ya ɓaci, ta ji kamar ta kwaɗa masa jakar.

"Mi ne ne wannan a bayan rubutun?"

"Hoton dam ɗin Zobe mana. Noman rani ake koyarwa."

"A kowane shafi?"

"Ya yi kyau ne."

"Matsalarku ke nan mutanen Kurfi, in kun ga ruwa sai hankali ya tahi! Linkinki bai ɓace ba, malama. Kin mai da shi fari, amma da an fitar da darasi sai ya koma shuɗinsa na asali. Shuɗi bisa shuɗin ruwa. Kin aro mana dam kin nutsar da aikinki ciki."

Ta ƙura ido. Ga shi kuwa, ɗan layi siriri yana ɓoye cikin ruwan. Kunya da murna suka haɗu mata.

"To canza shi, mai bakin tsiya. Ashe kanka ba na ɗaukar hula ba ne kawai."

Ya shiga inda ake saita launin darasin gaba ɗaya, ya mai da linki ruwan ɗorawa, ya sake fitarwa. Shuɗi. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Shuɗi. Ya ce bari a cire hoton a huta, ta ce ai ɗaya bayan ɗaya ta liƙa shi, kuma in an cire shi sauran farin rubutun duk ɓacewa zai yi. Dariyar Rabo ta fara ja baya. Ya goge linki guda ya sake ɗaura shi, sai ga shi raɗau.

"Wanda kika taɓa launinsa da hannu ba ya jin magana. Sai an cire an sake sawa. Shafi nawa ne?"

"Tamanin da huɗu. Wani shafin linki uku, wani huɗu."

Daidai nan aka kira azahar. Ta lissafa a ranta, ta ga ko hannu huɗu gare ta ba ta gamawa. Ta tuno yadda Inna ta bi gidajen maƙwabta tana cewa Sakinatu ta samu aiki, sai zuciyarta ta karye. Ta rufe kwamfutar a hankali.

"Bar shi, Rabo. Bari in kama mota tun da sauran rana."

Wannan ne karo na farko da ta kira sunansa ba tare da zagi ba, kuma abin ya tsorata shi. Ya dubi ɗalibai uku da ke ƙofa da takardun bugawa, ya ba su haƙuri, ya jawo ƙyaure.

"Ki koma ina? A kore ki, ki dawo gidanmu kina lashe mana tukunya? Ban iya ba. Kwafo mani rabi."

"Ba mu gamawa."

"Wataƙila. Amma ke fara daga farko, ni daga ƙarshe."

"Da waɗannan yatsun naka kamar rogo?"

Ya yi dariya, ya tura mata kujerarsa mai taushi, shi ya zauna bisa benci.

"Na ji, kin ci. Rogon ne zai yi maki arba'in da biyu. Yi alwala mu fara."