Yadda Za Ki Yi Ƙiba Cikin Kwana Arba'in Kafin Ganin Gida

'Yar'uwa siririya, share hawayenki, kin zo wurin masana. Idan kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawarin za ki shiga gidanku da jiki irin na matar da miji ke ji da ita, har maƙwabta su riƙa leƙowa ta kan darni. Ban taɓa ganin wadda ta bi su ta dawo yadda ta tafi ba.

Zan riƙa yi miki misali da wata Surayya, 'yar wani ƙauye a ƙetaren gulbin Gummi, wadda aka kai aure Anka gidan Mamuda tela. Cewa ni ma sunana Surayya, kuma mijina tela ne, wannan dacewa ce kawai, kada ki sa ta a rai.

Mataki na 1: Ki samu abin tsoro

Ba a neman ƙiba don nishaɗi. A wurinmu jikin mace shi ne shaidar mijinta: in ta cika ta batse an ce ya iya riƙo, in ta rame an ce yunwa yake gana mata. Babu mai tambayar yadda Allah Ya halicce ta.

Wata goma sha ɗaya Surayya ta yi a ɗakinta cikin kwanciyar hankali, sai ga Gwaggo Hajara ta zo Anka suna. Ta kama damtsenta ta matsa kamar mai tayin akuya, ta girgiza kai, ta koma gida. Bayan sati saƙon Inna, mahaifiyar Surayya, ya iso ta bakin wata mai tallar kifi: "Ki taho ganin gida nan da kwana arba'in. In na iske ki yadda Hajara tac ce, ba ki komawa Anka sai manya sun zauna da yaron ga."

Surayya tana son mijinta ƙwarai, kuma ta san Inna ba ta magana biyu. Ranar ko tuwo kasa ci ta yi, wanda kuskure ne babba ga mai neman ƙiba.

Mataki na 2: Kada ki saurari mijinki

Zai yi ƙoƙarin sanyaya miki gwiwa. Mamuda cewa ya yi, "Ke Surayya, hakanan nig gane ki nic ce ina so. Da mai jiki nika so, ai na san hanyar gidansu."

Ki yi watsi da irin wannan magana. Namiji bai san komai a kan jikin mace ba, shi dai so kawai ya iya. Masana su ne gwaggonni.

Mataki na 3: Ki ci kamar an aiko ki

Da safe kunun gyaɗa da ƙosai. Da hantsi fura da nono mai kauri. Da rana ɗanwake ya sha man shanu, da yamma tuwon shinkafa, a tsakani kuma ruwan hulba, wanda zai sa ki riƙa wari har awaki su bi ki.

Surayya ta kama Bafulatanar da ke kawo nono ta ce kullum ta fara tsayawa a gidanta. Wata rana ta tambaye ta ko da gaske nono na sa ƙiba. Matar ta ce, "Ƙwarai kuwa, ni ma shi nika sha tun ina yarinya." Surayya ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta ga ko tsintsiya ta fi ta kauri. Ta dai saya.

Sai dai ki kula da inda ragowar abinci ke tafiya. Surayya cikinta ƙarami ne, duk abin da ta rage Mamuda ke cinyewa don kada a yi almubazzaranci. Kwana ashirin, sai ga shi yana faɗaɗa ƙugun wandonsa a kan keke. Miji ya yi tumbi, mata tana nan yadda take. Ko Gwaggo Hajara ba za ta nemi hujjar da ta wuce wannan ba.

Mataki na 4: Ki gwada ƙwaya, amma sau ɗaya

Ran kasuwa za ki ji mai magani da lasifika yana rantsuwa cewa ƙwayarsa ta sa wata ta kasa shiga ƙofar ɗakinta. Surayya ta aika aka sayo. Kwana biyar tana barci, miya ta ƙone sau biyu. Da ta farka ta duba madubi, ta ga ƙibar ta zo, amma a kumatu ta tsaya ta ƙi gangarowa. Kai babba, jiki siriri, ta koma ludayi. Mamuda ya kwashi ragowar ƙwayar ya zuba a masai.

Mataki na 5: Abin da ciki ya kasa, allura ta yi

Wannan shi ne sirrin sana'ar. Ki nemi soson katifa, ki nemi tela mai rufin asiri.

Saura kwana uku Surayya ta sa wa Mamuda kuka. Ya ce shi tela ne ba maƙaryaci ba. Ta ce to ya zaɓa, ko ƙarya ko zama gwauro. Da rana tsaka ya rufe shagonsa, ya yanki gefen katifarsu, ya zauna yana ɗinka wa matarsa mazaunai da ƙugu, yana cewa, "Allah Ka sa kada abokan sana'a su gane ni." Ya sa zariya, ya gwada mata, ya rage nan ya ƙara can.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Da ta ɗaura zane a kai ta fita tasha, wata mata ta bi ta da kallo ta ce, "Masha Allah." Tun da aka haife ta ba a taɓa ce mata haka daga baya ba. Ta ji daɗi har cikin ranta, ta ɗaga kai tana taku ɗai-ɗai. Ƙafafun dai nata ne na jiya, amma ranar ta san tana da su.

Mataki na 6: Ki tuna akwai gulbi

A nan ne na yi, wato Surayya ta yi, sakaci. Damina ce, gulbi ya cika, sai da kwalekwale ake ƙetarawa ƙauyensu. Buhunan taki sun cinye katakon zama, don haka ta zauna a ƙasan jirgin. Da ma kowane kwalekwale da ɗan ruwansa a ciki, amma da yake soso ya shiga tsakaninta da duniya, ba ta ji sanyi ba.

Da suka sauka ta ji bayanta ya yi nauyi, har tafiya na yi mata wuya. Farin ciki ya kama ta. Ta ɗauka furar kwana arba'in ce ta iso a makare.

Mataki na 7: Ki durƙusa, amma kada ki zauna

Tana yin sallama Gwaggo Hajara ta rangaɗa guɗa. "Kai, Anka ta karɓe ki! Ashe tsoro yaron ga ka ji!" Mata suka cika gida, kowa na zagaya ta. Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma ta ce, "Zamna, ɗiyata, kin sha hanya."

Ta zauna da dukkan ƙarfinta.

Ruwan gulbi ya fito ta dama, ya fito ta hagu, ya gangara daga tabarma ya nufi bakin murhu. Ƙugun da aka yi wa guɗa ya sace a gaban jama'a. Gidan ya yi tsit. Wata kaza ta zo ta sa baki tana sha.

"Wanga mi na?" in ji Gwaggo Hajara.

Inna ta kama hannun ɗiyarta ta ja ta ɗaka, ta saki labule.

Mataki na 8: In asiri ya tonu, ki faɗi gaskiya, tunda ita ta rage

Surayya ta kwance zariya ta ajiye abin a gaban Inna yana ɗiga. Kunya ta rufe ta, tsoro ya fi kunyar. Ta fashe da kuka. "Inna, wallahi ina ci. Jikin na yaƙ ƙiya. Don Allah kada ki raba ni da shi."

Inna ta ɗauki cikon ta matse, ta juya shi, ta kai shi bakin haske tana bin ɗinkin da ɗan yatsa.

"Wa yaɗ ɗinka?"

"Shi na."

"Da hannunai?"

"I, Inna. Cewa yay yi ba ya so, ni nim matsa mai."

"Wanga shafi na ciki hwa?"

"Don kada soso shi goge man fata."

Inna ta daɗe tana shafa ƙyallen mai laushi. Can ta ce, "Shekara talatin ina gidan ga. Na rame, na yi ƙiba, na sake ramewa, babanki bai taɓa lura ba." Ta share ido da bakin zane. "Kwana ukku za ki yi ki koma ɗakinki. Ki koma da ƙashinki hakanan, tunda shi yaka so. Wanga kuwa ki bar man shi, kujerata ta yi tauri."

Washegari Surayya ta fita gaishe-gaishe a cikin gari da jikinta na asali. Yara da manya sun riga sun sa mata suna Mai Soso, kuma har yau ba a sauke mata shi ba. Ta amsa, ta ci gaba da takunta ɗai-ɗai, don ta gano takun ba a cikin soson yake ba.

Jan kunne

Duk wadda ta bi matakan nan ta kumbura, ko ta jiƙe, ko katifarta ta gajarce har ƙafafun mijinta na leƙo waje, ba ruwana, kada ta zo mini da ƙara. Ni shawara na bayar, ban kama hannun kowa ba. Mai son shaida kuma ta ƙetara gulbi ta je ƙauyenmu, za ta iske Inna zaune a kan soson nan tana tsintar shinkafa, tana gaya wa duk wanda ya shigo, "Surukina yaɗ ɗinka."