Motar da Ta Ƙi Surukina

Da aka sace motar maƙwabcina, na rantse tawa ba za ta bi sahu ba. Na sayo ɗan makunni na haɗa da famfon mai, in na kashe shi, ɓarawo ya yi ta murza makulli har ya gaji. Matata ta ce in kira mai wayarin. Na ce, "Ni da nake gyara injin ban-ruwa?" Na ɓoye makunnin a ƙarƙashin kujerar gaba.

Ranar Asabar zan kai surukina ɗaurin aure Kiru. Baba mutum ne mai jiki. Yana zama kujera ta lotsa ta danne makunnin, mota ta yi tari ta mutu. Ni kuwa ban gane ba. Ya fita in duba, ta tashi. Ya dawo, ta mutu. Sau uku, a gaban jama'a.

Bakina ya suɓuce: "Baba, anya ba ku ne matsalar ba?"

Ya dube ni, ya gyara babbar riga, ya tare ɗan acaɓa.

Har yau in na je gaishe shi, sai ya leƙa waje ya ce, "Tambayo mini ita, ta huce?"