Ta Sandare Ranar Gwanjon Tarakta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi bai gama fita daga cikinta ba, dattijo Orval Hruska, manomin masara da ke gabas da gari a nan jihar Nebraska ta Amurka, tare da mai ɗakinsa Lorene, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan shan gahawa rasuwar kwamfutarsu ta kan tebur. Ta cika ranar Laraba da tsakar rana, a daidai lokacin da ake rufe gwanjon taraktar mahaifin Orval, bayan doguwar jinya da gajeriyar cin amana.

Marigayiya ta shigo gidan nan a cikin kwali, tun Orval na da sauran baƙin gashi. Aka ɗauke keken ɗinkin Lorene daga bakin tagar ɗakin girki aka ba ta wurin. A shekarunta na lafiya ba wanda zai ce ba ta yi aiki ba. Ita ke faɗa masa farashin masara tun kafin rediyo ya buɗe baki. Ita ke nuna masa hadari tun yana can yamma bai yi niyyar zuwa ba. Ta nan ya ga haƙorin fari na jikarsa da ke Omaha. Duk wanda ya taɓa karin kumallo a gidan zai tuna muryarta: "ɗit" guda idan an taɓa ta, sai "gurrr" kamar tsohon kare da aka tasa daga barci, sannan 'yar waƙarta ta barka da asuba.

Ciwon ya fara ne da kaka. Ana cikin aiki sai kibiyar nan ta kan allo ta tsaya cak. A ja linzami, ɗan abin hannun nan mai tuƙa kibiyar, zuwa dama, a ja hagu, a ɗaga shi a buga, ko gezau. Ba ta kuka, ba ta hayaƙi, ba ta wari. Kallonka kawai take yi, kamar wanda ka kira yana jinka ya ƙi amsawa.

Orval bai yi nisa a makaranta ba, amma a cikin injuna ya tsufa, kuma ya san in inji ya tsaya ba ya wuce abu uku: ko mai, ko iska, ko wuta. Ya kinkime ta zuwa gareji, ya kwance mata ciki, ya sa injin hura taya ya fitar da ƙura da gashin kyanwa da zai isa a yi matashi. Ya sayo mata sabuwar fanka. Ya canza waya. Da sanyi ya shigo, ya riƙa kunna ta tun da sassafe don ta yi ɗumi kafin a ɗora mata aiki, yadda ake yi wa kowane inji mai mutunci. Duk da haka ta ci gaba da sandarewa.

Ta ɓangaren tsaro ma bai yi mata rowa ba. Duk lokacin da wata manhaja ta leƙo tana cewa ita mai gadi ce, a bar ta ta shigo ta kori ɓarayi, sai ya buɗe mata ƙofa, don bai taɓa jin gonar da masu gadi suka yi wa yawa ba. Har uku ya ɗauka. Abu ɗaya ya hana ta. Takan fito da saƙo cewa kamfanin da ya ƙera ta ya aiko da gyara, a ba ta izini ta sabunta kanta. Shi kuwa ya danna "anjima", kamar yadda yake sallamar dillalan iri.

Ana cikin haka yayansa Emil ya rasu. A hannun Emil taraktar mahaifinsu take, tsohuwa, mai jan fenti, mai kujerar ƙarfe, wadda a kanta Orval ya koyi tuƙi tun ƙafarsa ba ta kai birki ba. 'Ya'yan Emil mutanen birni ne. Suka haɗa kayan gonar gaba ɗaya suka ba masu gwanjo, su kuma gwanjon yanzu ba a fili ake yinsa ba, a kan allo ake yi. Orval bai roƙi kowa ba. Ya ce abin da ubansa ya hau zai saye shi da hannunsa.

Lorene ce ta matsa aka kai marar lafiya gari wurin Marisol Ochoa mai gyaran kwamfuta. A nan aka fara ganin halin marigayiya. Tana hawa teburin Marisol ta warke sarai, tana buɗe wannan tana rufe wancan kamar 'yar yarinya, Orval na tsaye ya zama maƙaryaci. Marisol ta dai bincika. Ta ce ƙarfen lafiyarsa lau, ciwon a cikin manhaja yake. Masu gadin nan uku ba ɓarawo suke nema ba, junansu suka shaƙe, kowa na ganin ɗan uwansa ne ɓarawon. Ta kori biyu. Ta ce kuma gyare-gyaren da ya daɗe yana korar su sun taru a bakin ƙofa, ya bar ta ta haɗiye su tun kafin ranar gwanjo. Ya ce to. Da suka koma gida saƙon ya fito, ya dube shi, ya danna "anjima". Ba manomin da ke barin a taɓa cikin inji ana gobe girbi.

Nan ma Lorene ta sa baki. Ta ce ai masu gwanjon sun ba da dama mutum ya ajiye iyakar tayinsa tun da wuri, ya tafi harkarsa, injinsu ya taya masa. Orval ya yi mata dariyar da yake yi wa sababbin shiga. Ya halarci gwanjo tun yana rataye a wuyan ubansa, kuma ka'idar ɗaya ce: ka zauna a kan hannunka, ka yi kamar shanu ka zo kallo, sai mai gwanjo ya ɗaga guduma sannan ka gyaɗa kai. Mai nuna so da wuri shi ke saya da tsada.

"Tsoho," in ji Lorene, "wancan mai gwanjon yana da ido. Wannan akwati ce."

Ranar Laraba ya zauna a kan hannunsa. Yana kallo wani baƙo daga wata jiha yana tayawa, wani na ƙarawa. Da lokaci ya zo gab, ya rubuta tayinsa, tayin da zai rufe bakin kowa, ya kai kibiya kan maɓalli. A nan ta tsaya. Ya ja, ya buga, ya kira ta da sunayen da ba za a sa a sanarwar rasuwa ba. Ya danne maɓallin wuta ya kashe ta ya sake kunnawa. Ta ce "ɗit". Ta ce "gurrr". Sannan ta yi shuɗin allo ta rubuta masa cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta, a yi haƙuri.

Wannan shi ne abin da Orval ya kasa haɗiyewa. Shi ya ba ta wuri, shi ya biya mata wuta, shi ya share mata ciki da hannunsa. Amma ranar da ya buƙace ta sau ɗaya tak, sai ta zaɓi ta cika umarnin wasu mutane da ke can nesa, waɗanda ba su taɓa goge mata ƙura ba. Ashe shekarun nan duka aro aka ba shi. Da ta gama ta rera 'yar waƙarta, ta buɗe, gwanjo ya riga ya tashi.

Da yamma maƙwabcinsa Delmar Vavra ya shigo da hula a hannu. Ya ce ya zauna yana jira ya ga alamar Orval ya shigo ciniki don ya janye, da ya ji shiru sai ya ɗauka ba ya so, shi kuma ba zai bari a loda taraktar tsoho Hruska a kai wata jiha ba, shi ya sa ya saye ta. Orval ya tambaye shi ko zai sayar.

"Sayarwa kam a'a, maƙwabci, na riga na sa rai. Amma aro, ko yaushe. Ka zo ka ɗauka kamar taka."

Marisol ta aiko cewa yanzu marigayiya garau take, za ta iya wasu shekarun. Gaskiya ne, in an kunna ta tana tashi. Wannan bai hana ta mutuwa ba. Orval ya zare wayarta daga bango da kansa, ya ce ya yi zama da doki mai harbi da sa mai tunkuyi, ya jure, don su a gabanka suke nuna maka hali.

Ta rasu ta bar firinta ɗaya, wadda dama ba ta taɓa jituwa da kowa ba. Da linzami, wanda ya sha duka a kan laifin da ba nasa ba. Da allon madannai mai gogaggun haruffa. Da mai gadi guda, wanda har yau bai kama kowa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a filin da gunduma ke karɓar matattun kayan wuta. Orval zai ɗauki gawar a bayan akori-kurarsa, ba a buƙatar masu taimako, kuma an gode wa Delmar da ya ce zai ja ta da tarakta. Bayan an dawo akwai gahawa da burodin Lorene mai 'ya'yan itace a gida. Kada a kawo furanni, kada kuma a kawo shawara. Masu rakiya su cika tanki, domin za a bi ta tsohuwar hanyar tsakuwa ne, a zagaya ta bayan rumbunan masara. Ta fi nisa ƙwarai, amma ba ta bi ta ƙofar gidan Delmar, inda ya wanke taraktar ya ajiye ta a bakin titi tana fuskantar masu wucewa.